Muhawara: Rariyar imel ɗin jami'a, a ƙara mata laushi ko a sassauta ta?

Mai kula da zaure:
Assalamu alaikum, malamai da ma'aikata da ɗalibanmu na manyan digiri. A cikin makon nan koke iri biyu suka iso mini, kuma da na ajiye su gefe da gefe sai na ga sun ci karo da juna. Mutum uku sun ce an aiko musu da saƙon imel mai cewa akwatinsu ya cika, za a rufe shi cikin awa 24 idan ba su latsa wani wuri sun sake shigar da kalmar sirrinsu ba, suna tambayar me ya sa aka bar irin wannan saƙo ya shigo. A ɗaya ɓangaren kuma wata malamarmu ta ce wasiƙar da ta daɗe tana jira an jefa ta cikin kwandon tarkacen saƙonni, ba ta gan ta ba sai da lokacinta ya wuce. Wasu na cewa rariyar, wato manhajar da ke tace saƙonnin imel ɗinmu, ta yi sako-sako, wasu na cewa ta yi tsanani. Na roƙi Malama ta fara bayani da bakinta, sannan Injiniya ya amsa, kowa kuma yana da damar saka baki muddin ba za a ambaci sunan kowa ba.

Malama, sashen harsuna:
Wa alaikumus salam. Na gode, Malam. Abin da ya same ni ba shi da tsawo, amma har yanzu yana yi mini ciwo. Na aika da taƙaitaccen bayanin maƙalata zuwa wani taron masana harshe a ƙasar waje, masu taron suka karɓa, suka kuma rubuto cewa za su biya mini kuɗin jirgi da masauki idan na cike wata takarda na mayar cikin mako biyu. Ni kuwa kullum sai na buɗe akwatina safe da yamma, ban ga komai ba, har na haƙura na ɗauka ba a zaɓe ni ba. Sai ranar da nake neman wani tsohon rasit na leƙa kwandon tarkace, na tarar da wasiƙar a kwance tsakanin tallan maganin ƙiba da saƙon wani da ke cewa na ci gadon miliyoyin daloli. Kwana 19 ke nan da zuwanta. Ra'ayina shi ne, ni baliga ce mai hankali, na fi son a bar mini saƙonnina duka su shigo, in zaɓa da kaina, a kan a ɗora mini wata na'ura da za ta yanke hukunci a madadina ba tare da ta san abin da nake jira ba. Share tallace-tallace goma a rana bai kai asarar taro guda ba.

Injiniya, sashen kwamfuta:
Hajiya, Allah ya ba da haƙuri, kuma ba zan ce abin da ya same ki ƙarami ba ne. Amma ina so in fayyace yadda tankaɗen yake gudana, domin mutane da yawa suna zaton akwai wani ma'aikaci da ke zaune yana zaɓen wasiƙar da za ta wuce. Babu shi. Kowane saƙo da ya iso, manhaja ce take auna shi ta ba shi maki. Tana duba daga wace kwamfuta ya fito, ko adireshin wannan kwamfutar yana cikin jerin waɗanda aka sani da watsa tarkace, ko sunan da aka rubuta a matsayin mai aikowa ya dace da inda saƙon ya fito da gaske, sannan ta duba kalmomin ciki da fayil ɗin da aka maƙala. A manhajar SpamAssassin, wadda ma'aikatu da yawa suke amfani da ita saboda kyauta ce, an saba ajiye iyaka a maki 5, duk saƙon da ya kai nan sai a ware shi. To ki dubi wasiƙarki da idon na'ura: daga baƙon adireshi ta fito, tana taya ki murna, tana maganar kuɗin da za a biya miki, tana neman ki cike takarda da bayanan fasfonki, kuma ta sa wa'adi. Waɗannan su ne ainihin kayan da 'yan damfara suke sakawa, don haka gaskiya ta shigo da rigar ƙarya.

Akwai kuma abin da na fi zargi. Tun da aka tsara imel ba a sa masa hanyar tabbatar da mai aikowa ba, kowa yana iya rubuta sunan da ya ga dama a goshin wasiƙa, kamar yadda mutum zai rubuta adireshin wani a bayan ambulan. Daga baya aka ƙirƙiro hanyoyi uku na toshe wannan ɓaraka, wato SPF da DKIM da DMARC. Ta farko tana bayyana kwamfutocin da aka yarda su aika saƙo da sunan ma'aikata, ta biyu tana buga wa saƙon hatimin da ba a iya kwaikwaya, ta uku kuma tana faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi waɗannan gwaje-gwaje. Tun daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsananta wannan sharaɗi, musamman ga masu aika saƙo 5,000 ko fiye a rana. Ƙananan ƙungiyoyin masana da yawa suna aika wasiƙunsu ba tare da sun gyara waɗannan abubuwa ba, sai saƙonsu ya zo babu hatimi, rariya kuma ta ƙara masa maki.

Malama, sashen harsuna:
Injiniya, na fahimci bayaninka, amma ka ƙara ƙarfafa hujjata ne. Idan har wasiƙar gaskiya tana faɗawa kwando, ta ƙarya kuma mai cewa akwati ya cika tana wucewa lafiya, to mene ne amfanin rariyar?

Injiniya, sashen kwamfuta:
Tambayar ta dace, kuma amsarta ita ce abin da ya fi damuna a wannan aiki. Saƙon nan na cikar akwati bai zo daga waje ba. Daga akwatin wani ɗan gida ya fito, wanda aka riga aka sace kalmar sirrinsa, saboda haka ya zo da cikakken hatimi, daga adireshin da rariya ta sani ta kuma amince da shi. Da ɗan gari akan ci gari. Mai gadin ƙofa yana bincikar baƙo, amma wanda ya fito daga cikin gida da katin shaida a wuya ba kasafai ake tsayar da shi ba.

Farfesa:
Injiniya ya rufa mini asiri, Allah ya rufa nasa, amma ni zan tona kaina, domin ina ganin shirun da na yi ya fi kuskuren da na tafka muni. Akwatin da ake magana nawa ne.

Ranar Talata bayan na dawo daga masallaci da asuba, ina zaune a tabarma ina jiran shayi, na ɗauki waya ba tare da na sa tabarau ba. Na ga saƙo da tambarin jami'a a samansa, yana cewa akwatina ya cika kuma saƙonni uku suna jira a waje ba su samu shiga ba. A daidai wannan makon ina jiran rahoton mai duba kundin ɗalibina daga wata jami'a, sai zuciyata ta ce lallai shi ne ya maƙale. Na latsa. Shafin da ya buɗe kamar an tsaga kara da wanda nake shiga kullum, launi ɗaya, tambari ɗaya. A waya kuwa adireshin shafi ba ya fitowa duka, rabinsa kawai ake gani, kuma ko da ya fito ban saba dubawa ba. Na rubuta kalmar sirrina, ya ce ba daidai ba ce, na sake rubutawa a hankali harafi bayan harafi, sai ya ce an gode. Na ajiye waya na sha shayina.

Kafin azahar wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a Katsina ya kira ni, muryarsa a raunane, yana tambayar jikin nawa da kuma ko lambar asusun da na turo ita ce zai saka kuɗin a ciki. Ashe an rubuta wa mutane da sunana cewa ina kwance a asibiti, wayata ta lalace, a taimaka cikin gaggawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ban ga amsar kowa a akwatina ba, sai daga baya Injiniya ya nuna mini cewa ɓarayin sun shiga saitin akwatin sun kafa umarni, duk amsar da ta zo a karkata ta zuwa wani adireshi a kuma goge ta daga nawa. Na canja kalmar sirri da kaina a daren, na ɗauka magana ta ƙare, ban gaya wa kowa ba har kwana biyu, saboda kunyar a ce mutum mai furfura irina yaro ya yi masa wayo. A cikin kwana biyun nan umarnin da suka kafa yana nan yana aiki.

Injiniya, sashen kwamfuta:
Ranka ya daɗe, wannan bayani naka ya fi duk wata sanarwa da za mu liƙa a allo amfani. Ina so jama'a su lura da abu guda: lokacin da shafin ya ce kalmar ba daidai ba ce, dabara ce, suna so a rubuta sau biyu don su tabbatar ba a yi kuskuren harafi ba. Illar kuma ba ta tsaya kan Baba Farfesa shi kaɗai ba. Idan akwati ɗaya ya watsa dubban saƙonni cikin 'yan awoyi, ƙungiyoyin da ke sa ido kan masu watsa tarkace, irin su Spamhaus, suna iya saka adireshin kwamfutar jami'a gaba ɗaya a jerinsu, daga nan kuma wasiƙar kowa, har da ta Hajiya zuwa ga masu taronta, sai ta riƙa dawowa ko ta faɗa kwandon mutane a can. Wanke sunan ma'aikata daga irin wannan jeri yana cin lokaci, kuma ba a cire ka sai an ga ka toshe inda ruwan ke zuba. Shi ya sa nake ganin tankaɗe saƙon da ke fita ya kai tankaɗe mai shigowa muhimmanci, misali a sa iyaka ga yawan saƙon da akwati ɗaya zai aika a awa guda, idan ya haura a tsayar da shi nan take.

Ɗalibin digiri na uku:
Ina gaida iyayena malamai. Baba Farfesa, Allah ya kiyaye gaba. Ina neman izini in kawo ɓangaren ɗalibai, domin a wurinmu ƙwayar cutar kwamfuta ba ta imel take farawa ba, a filashi take farawa, imel ne yake raba ta. Duk wanda ya taɓa kai babi a buga masa a shagunan buga takardu na Samaru ko na Tudun Wada ya san abin da nake nufi. Kwamfuta ɗaya tana karɓar filashin mutum hamsin a yini, manhajar da ke kanta ta sata ce, ba a sabunta ta, riga-kafin da ke ciki ya mutu tun bara. Na taɓa dawowa gida na saka filashina na tarar duk fayilolina sun ɓace, sai wasu 'yan gumaka masu kibiya a gindi da suke ɗauke da sunayensu, na yi zaton aikin shekara biyu ya tafi, ashe ɓoye su aka yi, kuma kowace latsawa da na yi a kan gumakan nan ƙara dasa cutar nake yi a kwamfutata. Daga irin wannan kwamfuta ɗalibi zai maƙala babinsa ya aika wa mai duba shi, malam kuma zai buɗe ba tare da shakka ba tunda daga ɗalibinsa ne.

Abu na biyu, yawancinmu ba ma buɗe imel ɗin jami'a sai an ce mujalla ko masu ba da tallafi ba sa karɓar Gmail. Sanarwar sashe a WhatsApp take zuwa, saboda haka idan aka turo shafin bogi da sunan asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ko asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, ana neman lambar BVN da NIN, a can yake yawo, inda rariyar Injiniya ba ta kai ba.

Ma'aikacin laburare:
Ina so in amsa wata tambaya da na san tana zukatan mutane ko da ba su furta ba, wato me ɓarawo zai samu a akwatin malamin jami'a da albashinsa bai kai ƙarshen wata ba. A watan Maris na 2018 gwamnatin Amurka ta tuhumi wasu Iraniyawa tara da ke da alaƙa da wata cibiya mai suna Mabna da yin kutse a jami'o'i 144 na Amurka da wasu 176 a ƙasashe 21. Takardar tuhumar ta ce sun auna akwatunan malamai fiye da 100,000, suka samu shiga kimanin 8,000. Ba kuɗin malaman suke nema ba, abin da suke so shi ne bincikensu da kuma damar shiga rumbunan mujallu da littattafan da jami'o'in suke biyan kuɗi mai yawa a kansu. Tarkon kuwa mai sauƙi ne: saƙo kamar daga wani abokin sana'a da ya karanta maƙalarka ya yaba, yana nuna maka wata mai kama da ita, idan ka latsa sai a ce ka sake shiga da kalmar sirrinka. Wane malami ne ba ya son a ce an karanta aikinsa? Kuma idan kamfanin da ke da rumbun ya ga ana kwasar dubban maƙalu da sunan mutum ɗaya, yakan rufe wa jami'ar ƙofa har sai an bincika.

Akwai wani nau'in tarkace kuma da babu rariyar da ta iya masa, shi ne gayyatar mujallun bogi masu alƙawarin buga maƙala cikin mako guda idan an biya. Babu cuta a cikin saƙon, babu satar kalmar sirri, sai dai malami ya biya kuɗinsa ya kuma zubar da aikinsa a inda kwamitin ƙarin girma ba zai ƙirga ba.

Sakatariyar sashe:
Ni ba masaniyar kwamfuta ba ce, amma shekarata 16 ina buga takardun sashe, kuma ina ganin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ana cewa mu lura da adireshin mai aikowa, to yaya za mu lura alhali takardun gaskiya ma daga adireshin Gmail ko Yahoo na mutane suke zuwa? Wannan jami'i zai turo jadawalin taro daga akwatinsa na ƙashin kansa, wancan kwamiti zai turo fom a cike ta wani shafi da babu sunan jami'a a jikinsa, an rubuta gaggawa da manyan baƙaƙe, a mayar kafin ƙarfe huɗu. Mu da kanmu muka koya wa mutane cewa saƙon hukuma yana iya fitowa daga ko'ina kuma kullum cikin gaggawa yake. Ranar da ɗan damfara ya yi irin haka, da me za a bambanta shi?

Sannan akwatin sashe mu huɗu muke amfani da shi da kalmar sirri ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, a rubuce take a wata 'yar takarda cikin aljihun tebur. Masu yi wa ƙasa hidima sun zo sun tafi, ba a taɓa canja ta ba. Na ji ana maganar a riƙa turo lamba ta waya kafin a shiga akwati. Wayar wa za a tura wa a cikinmu? Idan mai wayar ta tafi hutun haihuwa fa?

Barista, tsangayar shari'a:
Hajiya Sakatariya ta taɓo inda ke ciwo. Ni kuma ina da wata damuwa ta daban da nake so Injiniya ya amsa a fili. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirrin wasiƙunsa da maganganunsa na waya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora wa duk ma'aikatar da ke riƙe bayanan mutane nauyin kare su, har ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Wannan yana nufin doka tana tura mu ta fuska biyu: tana so a tsare akwatuna, tana kuma so kada mai tsaron ya zama mai leƙe. Idan aka killace saƙona, wa ke da ikon buɗe shi? Akwai rubutacciyar ƙa'ida da ta faɗi haka, ko kuwa amana ce kawai? Ban zargi kowa ba, amma a jami'a ana rikicin ƙungiya, ana takarar muƙamai, ana binciken ɗa'a, kuma ƙa'idar da ba a rubuta ba takan lanƙwasa ranar da aka fi bukatar ta. Game da abin da ya sami Farfesa kuwa, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta irin wannan yaudara da shiga kwamfutar wani ba izini, don haka bai kamata a goge saƙonnin ba kafin a adana shaidarsu.

Injiniya, sashen kwamfuta:
Barista, gaskiyar magana ita ce duk wanda ke riƙe da mabuɗin babbar kwamfutar saƙonni, a kowace ma'aikata a duniya, yana da ikon da zai iya buɗe akwati idan ya so. Tankaɗen yau da kullum na'ura ce ke yin sa, ba idon mutum ba, amma ikon yana nan, kuma na yarda da kai ɗari bisa ɗari cewa a rubuta wanda zai iya amfani da shi, da izinin wa, a kuma ajiye tarihin duk lokacin da aka yi. Wannan kariya ce gare mu ma'aikatan kafin ta zama kariya gare ku.

Hajiya Sakatariya, matsalarki tana da magani: akwatin sashe ba ya bukatar kalmar sirri ta tarayya, ana iya tsara shi yadda kowa zai shiga da nasa sunan ya ga saƙonnin sashe, wanda ya bar aiki a cire shi kawai. Lambar tabbatarwa kuma ba lallai ta zo ta saƙon tes ba, wanda yakan makara idan sabis ya yi rauni, akwai manhajar waya da ke fitar da sabuwar lamba duk bayan daƙiƙa 30 ko babu data. Da Baba Farfesa yana da wannan, da kalmar sirrin da suka sata ita kaɗai ba ta isa ta buɗe musu akwatin ba.

Dalilin da ya sa ba zan goyi bayan a sassauta bincikar fayiloli ba kuwa, ga shi. A watan Disamba na 2019, daf da hutun Kirsimeti, aka kulle kwamfutocin Jami'ar Maastricht da ke ƙasar Holan, imel da tsarin laburare da sauran ayyuka suka tsaya, har jami'ar ta biya kuɗin fansa kusan Yuro 200,000. Binciken da suka fitar ya nuna mafarin abin saƙonnin yaudara ne da aka buɗe tun watan Oktoba, ɓarayin suka zauna cikin gida wata biyu suna lalube kafin su kai farmaki. Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko ma ta biya dala miliyan 1.14 a 2020. Ku yi tunanin a wayi gari sakamakon jarrabawar zango guda ya kulle. Saboda haka fayil mai suna da ke ƙarewa da exe ko js, wato wanda ke fara aiki a kwamfuta da zarar an latsa shi, ba shi da dalilin wucewa ta imel, Gmail ma ba ya karɓar su. Fayil ɗin Word ko Excel da ya ce sai ka latsa wani maɓalli ka ba shi izini kafin ya nuna abin da ke ciki, a rufe shi, domin ta wannan ƙofar ake shigowa, shi ya sa Microsoft ta fara toshe ta kai tsaye a 2022. Wanda ya fi wahalar kamawa shi ne ƙunshin zip da aka kulle da kalmar sirri aka rubuta kalmar a jikin saƙon, domin riga-kafi ba ya ganin cikinsa, mai karɓa ne zai buɗe wa cutar ƙofa da hannunsa.

Farfesa:
Wannan ya tuna mini da watan Mayu na 2000, lokacin da cutar nan mai suna ILOVEYOU ta taso daga Filifin ta zaga duniya cikin kwanaki. A lokacin mu a Zariya sai mun je kafe muke duba imel, muna biyan kuɗin minti, muna yi wa Turawa dariyar cewa wasiƙar soyayya ta rushe musu ofisoshi. Dabararta ita ce tana aika kanta ga duk sunayen da ke littafin adireshin wanda ta kama, sai saƙon ya zo maka daga wanda ka sani. Shekara ashirin da wani abu bayan nan, dabarar da ta kama ni ke nan, an sauya soyayya da cikar akwati kawai.

Malama, sashen harsuna:
Baba, Allah ya ƙara girma, labarinka ya sa na janye rabin maganata. Na yarda a bar bincikar fayiloli da tsananinta, na yarda da lambar tabbatarwa. Amma ban janye ɗaya rabin ba, kada garin gyaran gira a rasa ido. Laifin rariya a wurina bai tsaya kan ta yi kuskure ba, abin da ya ɓata mini rai shi ne ta yi kuskuren a ɓoye. Da an sanar da ni cewa an tsare wasu saƙonni da sunana, da na duba a ranar. Wanda ya tsare wa mutum wasiƙa, wajibi ne ya gaya masa.

Injiniya, sashen kwamfuta:
Hajiya, a nan ba ni da ja. Ana iya saita tsarin ya riƙa aiko wa kowa taƙaitaccen jeri sau ɗaya a rana, sunan mai aikowa da kan maganar duk saƙon da aka killace, mutum ya saki wanda ya gane, sai dai mai ɗauke da cuta wanda ba za a sake shi ba ko an roƙa. Haka kuma duk lokacin da kika fitar da wasiƙa daga kwando kika nuna ba tarkace ba ce, ko kika saka adireshin masu taro cikin jerin abokan hulɗarki tun ranar da kika aika musu, rariyar tana koyo daga hakan. Sai dai ina da fargaba guda da zan faɗa tun yanzu: wannan jerin na kullum shi kansa 'yan damfara suna kwaikwayonsa, kuma kusan irinsa ne ya kama Baba Farfesa da zancen saƙonni uku da ke jira. Idan za a yi shi, to a yi shi yadda ba zai taɓa neman kalmar sirri ba, a kuma sanar da kowa hakan a rubuce.

Sakatariyar sashe:
To a haɗa da cewa duk takardar hukuma daga adireshin jami'a kaɗai za ta fito, manya su fara bin wannan kafin a nemi ƙanana su bi. Kuma a ba mu lambar waya ɗaya da mutum zai kira idan ya latsa abin da bai kamata ba, wadda za a ɗauka ba tare da an yi masa faɗa ko an kai sunansa taron sashe ba. Idan Farfesa ya yi kwana biyu yana jin nauyi, ƙaramin ma'aikaci da ke tsoron takardar tuhuma wata biyu zai yi.

Mai kula da zaure:
Na rubuta wannan cikin abubuwan da za mu miƙa. Barista, ina roƙon ka tsara mana sakin layin da ya shafi ikon buɗe akwati, Injiniya kuma ya duba ko jerin na kullum zai yiwu da kayan da ake da su yanzu. Akwai wanda ya turo mini a keɓe yana cewa shi ma ya cike wancan shafin ranar Laraba kuma har yanzu bai canja komai ba. Injiniya, me zai fara yi?

Injiniya, sashen kwamfuta:
Ya canja kalmar sirrin yanzu, kada ya jira gobe, kuma daga wata na'ura da ya amince da ita. Idan ita ce yake amfani da ita a Facebook ko manhajar banki, can ma ya canja. Sannan ya shiga saitin akwatin ya duba ko an kafa umarnin karkatar da saƙo ko an sauya lambar wayar da ake dawo da akwati da ita, kada kuma ya goge saƙon da ya yaudare shi. Idan bai gane wurin ba, ina ofis gobe daga ƙarfe tara har zuwa azahar, ya zo da kwamfutar da cajarta.